DASHEN HAƘORI: JAWABI GA HAKIMAI DA MALAMANSU NA ƘASAR SHAGARI DA BOƊINGA

An shirya wannan jawabi ne a kan wani abu wanda mutane da yawa suke rainawa, watau haƙori. Mutum ba ya sanin darajar matauninsa sai ran da ya ɗauki rake ko kilishi ya kasa tauna. Nufin jawabin shi ne a bayyana wani aikin likita wanda ake kira dashen haƙori, da irin waɗanda yake yi wa amfani, da abin da shugabanni za su yi domin kada lokacinsa ya wuce 'ya'yan talakawansu.

Haƙorin da ya maƙale

Yaro yana da haƙoran nono 20. Bayan famfara kuwa, baligi yana da haƙora 32, a cikinsu 12 matauna ne, uku uku a kowane gefe, sama da ƙasa. Matauni na fari yakan fito yaro yana da shekara 6, na biyu yana da shekara 12, na uku kuwa, wanda Turawa suke kira haƙorin hankali, ba ya fitowa sai tsakanin shekara 17 da 25.

Da yake shi ne na ƙarshe, sau da yawa yakan tarar babu sauran wuri a muƙamuƙi. Sai ya kwanta a karkace cikin ƙashi, ko ya tokari saiwar maƙwabcinsa, ko kuwa ya leƙo rabi, rabi yana ƙarƙashin dasashi. Wannan shi ne haƙorin da ya maƙale. Wani lokaci kuma matauni na biyu ne yake maƙalewa, amma wannan bai cika faruwa ba. Abinci yakan taru ƙarƙashin naman da ya rufe haƙorin, wurin ya kumbura ya yi mugunya, baki ya ƙi buɗuwa sosai, har maƙwabcin nan mai lafiya ya soma ruɓewa. In aka bar kumburin ya sauka ƙarƙashin haɓa zuwa wuya, yana iya toshe numfashi, mutum ya rasa ransa a kan abin da aka ɗauka ciwon haƙori ne kurum.

Likita yana da hanyoyi dabam dabam. Yana iya cire haƙorin, yana iya ɗaura masa waya ya jawo shi sannu a hankali har ya miƙe, yana kuma iya ciro shi da ransa ya dasa shi a wani gurbi cikin bakin mai shi.

Asalin aikin

Dashen haƙori ba sabon abu ba ne. A ƙarni na 18 wani likita mai suna John Hunter, a birnin Landan, ya dasa haƙorin mutum a cikin zankon zakara domin ya gwada ko zai kama. A zamanin nan masu kuɗi na Ingila sukan sayi haƙoran matalauta a cire a dasa musu. Wannan ciniki bai yi albarka ba, gama jikin mutum ba ya karɓar haƙorin wani, ga shi kuma cututtuka irin su tunjere suna bin haƙorin daga baki zuwa baki. Saboda haka aka daina. Dashen da ake magana a kansa yau na haƙorin mutum ne a cikin bakin kansa, ba na wani ba.

Wajen 1950 likitoci biyu a Amurka, Apfel da Miller, suka ba da labarin yadda suka ɗauki matauni na uku wanda bai gama girma ba, suka dasa shi a gurbin na fari da ya ruɓe. A 1974 Slagsvold da Bjercke na birnin Oslo, a ƙasar Norway, suka bayyana tsarin da suke bi ga yara. A 1990 kuma Andreasen da abokan aikinsa a ƙasar Denmark suka ba da lissafin haƙora 370 da aka dasa, fiye da 90 cikin 100 sun zauna. A 2002 aka sāke duba waɗansu daga cikin waɗanda aka yi wa aikin a Norway, bayan shekara 17 zuwa 41, aka tarar haƙora 9 cikin 10 suna nan a bakin masu su.

Yadda ake yinsa

Manomin fadama ba ya bukatar dogon bayani a nan. Wanda ya saba dashen albasa ya san iri ba a barinsa ya tsufa a kwami, ba a tsinke saiwarsa, ba a kuma yashe shi a rana ya bushe. Haka haƙori yake. Saiwarsa tana lulluɓe da wata fata siririya mai rai, wadda ba ta kai kaurin farce ba, ita ce take ɗaure haƙori da ƙashi. In ta tsira, dashe ya kama. In ta ƙuje ko ta bushe, sai saiwar ta manne da ƙashi ko ta riƙa zaizayewa har haƙorin ya faɗi.

Da fari likita zai ɗauki hoton ƙashi, ya ga kwanciyar haƙorin da tsawon saiwarsa, ya auna ko gurbin zai ɗauke shi. Sa'an nan ya yi allurar kashe zafi, ya cire ruɓaɓɓen haƙori, ya gyara ramin. Bayan haka ne zai ciro mai lafiyar a hankali, ya riƙe shi ta kai ba ta saiwa ba, ya zaunar da shi a sabon gurbi. An fi so kada haƙorin ya wuce minti 15 a waje. A manyan asibitoci na duniya yanzu akan ƙera kwatankwacin haƙorin daga hoton kwamfuta, a gwada ramin da shi, domin kada a wahal da na ainihi. Daga nan sai a ɗinke dasashi, a ɗaure haƙorin da zare ko waya na mako ɗaya ko biyu, mai shi kuwa ya tsaya ga kunu da koko da abinci mai laushi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da saiwar ta yi kashi biyu cikin uku, ko uku cikin huɗu, na tsawonta. Ga matauni na uku wannan yakan zo galibi tsakanin shekara 15 da 19. A wannan lokaci bakin saiwar a buɗe yake, jijiyoyin jini suna iya sāke shiga, haƙorin ya ci gaba da girma. Ana yi wa manya ma, amma su sai an kwashe ɓargon haƙorin an cike shi bayan kamar mako biyu.

Amfaninsa da iyakarsa

Matauni na fari shi ne yakan riga saura ruɓewa, domin yana fitowa a bayan haƙoran nono ba tare da wani ya faɗi ba, iyaye kuwa sai su zaci shi ma na nono ne. In aka cire shi aka bar giɓi, na bayansa ya karkato, na samansa ya zazzago, tauna ta lalace. Haƙorin ƙarfe da ake kafawa cikin ƙashi ba a sa wa yaro shi sai ya gama girma, ga kuma tsada. Amma haƙorin da aka dasa yana tafiya tare da girman muƙamuƙi, ana kuma iya gyara zamansa da waya. Ta haka haƙorin da ya maƙale, wanda da zubar da shi za a yi, ya zama shi ne magani.

Duk da haka ba kowa ne aikin ya dace da shi ba. Wanda bakinsa yake da mugunya, ko ƙashin gurbin ya ƙanƙance, ko haƙorin ba zai ciru ba sai an fasa shi, ko kuwa ba zai iya komowa a riƙa dubawa ba, wata hanya za a bi da shi. Likitan haƙori kaɗai ne zai yanke wannan, bayan ya ga hoto.

Abin da ake roƙon shugabanni

1. A sanad da masu unguwanni da malaman makaranta cewa mataunin da ya fito a shekara 6 ba ya sāke fitowa. A hori yara da asuwaki ko buroshi safe da dare, a rage musu alewa da lemon kwalba.

2. Kada a bar wanzami ko mai magani na kasuwa ya taɓa mataunin da ya maƙale. Ƙarfen da ba a dafa ba yana kawo cuta, haƙorin da aka fasa kuwa ba ya dasuwa.

3. Saurayi ko budurwa da matauninsu ya ruɓe, a tura su kafin a cire. Daga Shagari hanyar mota ta bi ta Boɗinga zuwa Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake da sashen haƙori da fiɗar muƙamuƙi.

4. Kumburin haɓa tare da zazzaɓi ko wuyar haɗiya ba ya jiran wayewar gari. Haka kuma ƙaramin yaro mai gyambon dasashi da warin baki, a gaggauta kai shi, gama yana iya zama cutar noma, wadda aka buɗe asibitinta na yara a Sakkwato a 1999.

5. Malaman ofis su ƙarfafa rubuta ranar haihuwa, domin sanin shekarun yaro yana taimakon iyaye su kai shi a kan kari.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maganar hakimi tana isa inda ta likita ba ta kai ba, saboda haka ne aka ɗora wannan amana a wuyan shugabanni. Allah ya ba talakawa lafiya, ya ja zamanin sarakuna. Amin.