Daga Nahawu zuwa Hira: Koyar da Zance da Sifaniyanci a Ajin Jami'a



Gabatarwa

Akwai wani irin ɗalibi wanda kowane malamin harshe ya san shi. Ya shekara biyu ko uku yana karatun Sifaniyanci a jami'a, ya haddace sauye-sauyen aikatau, yana karanta jarida, kuma ba ya faɗuwa a jarrabawar rubutu. Amma da zarar mutumin Meziko ko na Madrid ya tare shi da zance, sai ya yi ta 'yan kame-kame, kafin ya gama haɗa jimla a zuciyarsa an wuce wurin. Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa maganin wannan ciwo yana ga yadda aka tsara ajin, watau wa ke magana, tsawon wane lokaci, kuma don me.

Batun ba ƙarami ba ne. Sifaniyanci harshen uwa ne ga mutane kusan miliyan 500, kuma harshen hukuma ne a ƙasashe 20, har da Ikwatoriyal Gini a nan Afirka. Yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya. A jami'o'in Amurka babu baƙon harshen da ya kai shi yawan ɗalibai. Ma'aikacin da aka tura taro da takardar shaidar harshen a jaka, amma bai iya mai da martani ba, ya yi hasarar shekarunsa, hukumar da ta tura shi kuma ta yi hasarar kuɗinta.

Matakin da Ake Nufi

A 2001 Majalisar Ƙasashen Turai ta buga wani ma'auni wanda ya kasa iya harshe gida shida, daga A1 zuwa C2. Na huɗu, watau B2, shi ne ƙololuwar matakin tsakiya. Wanda ya kai nan ana sa ran zai yi hira da ɗan asalin harshen ba tare da ɗayansu ya wahala ba, ya kuma bayyana ra'ayinsa, ya kawo amfanin abu da illarsa. Cibiyar Cervantes, wadda gwamnatin Sifaniya ta kafa a 1991, ita ke shirya jarrabawar DELE, kuma a cikinta akwai gwajin baka, inda ɗalibi zai zauna gaba da gaba da mai jarrabawa. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

Rabon Lokacin Magana

Bari a yi ɗan lissafi. A ɗauka aji yana da ɗalibai 20, darasi kuma minti 50 ne. Idan malami ya ci minti 30 wajen bayani, ya raba sauran 20 ta hanyar tambayar ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, kowa minti ɗaya zai samu. In ana haɗuwa sau uku a mako har mako 15, ɗalibi ya yi magana ta minti 45 ke nan a zango guda. Amma idan aka zaunar da su bibbiyu a waɗannan mintoci 20, kowa zai sami goma, watau awa bakwai da rabi a zango. Ba a ƙara ko sisin kwabo ba, ba a ƙara malami ba.

Hujjar wannan ta fito daga Kanada. Merrill Swain ta duba yara masu jin Ingilishi waɗanda suka shekara da shekaru ana koyar da su darussa da Faransanci. Ta tarar fahimtarsu ta yi nisa, amma maganarsu cike take da kurakuran nahawu. A 1985 ta bayyana cewa sauraro kaɗai ba ya isa. Sai an matsa wa mai koyo ya furta, a nan ne zai gane abin da bai iya faɗa ba. Haka kuma, a farkon shekarun 1970, Mary Budd Rowe ta gano cewa malamai a Amurka ba su cika jiran amsa fiye da daƙiƙa ɗaya ba, kuma idan suka jira daƙiƙa uku amsoshin ɗalibai sukan ƙara tsawo. Ashe shirun malami ma wani kayan aiki ne.

Dalilin Yin Magana

Zaunar da ɗalibai bibbiyu bai wadatar ba, sai an ba su dalilin buɗe baki. Tambayar da malami ya riga ya san amsarta jarrabawa ce, ba ta haifar da hira. Abin da ke haifar da ita shi ne ɗaya ya san wani abu da ɗayan ke bukata. Alal misali, a ba ɗalibi guda bayanin gidajen haya uku a Bogota, a ba abokinsa yawan kuɗin da ke hannu da sharuɗɗan iyalin da za su zauna, a ce lalle su daidaita a kan gida ɗaya cikin minti goma. Dole su yi tambaya, su yi musu, su sassauta wa juna.

Wata dabara kuma, wadda Paul Nation ya gwada a 1989, ita ce ɗalibi ya ba da labari guda ga mutum uku daban-daban: na farko cikin minti huɗu, na biyu cikin uku, na uku cikin biyu. Da yake ya riga ya san abin da zai faɗa, sai hankalinsa ya koma kan saurin furuci, inda-inda ta ragu.

Ƙananan Kalmomin Hira

Bahaushe ba ya hira sai da "to" da "ai" da "ashe" da "ko ba haka ba". Sifaniyanci ma yana da nasa. Da "pues" da "bueno" da "a ver" mai magana ke samun sararin tunani ba tare da an ƙwace masa zance ba. "O sea" daidai take da "watau", "es que" kuwa ita ke buɗe uzuri. Mai sauraro shi ma yana da nasa aiki: "claro", "¿en serio?". Wanda ya manta sunan abu sai ya zagaya, ya ce "es una cosa que sirve para...", ma'ana wani abu ne da ake amfani da shi don kaza. Ɗalibin da ya mallaki waɗannan ba ya tsayawa cik don kalma ɗaya ta ɓace masa.

Har ila yau akwai ladabin kira. "Tú" na tsara ne da na gida, "usted" na girmamawa, kamar yadda akan ce wa babba "ku". A Ajantina da Urugwai "vos" ake ji a madadin "tú". A Sifaniya akan ce wa abokai da yawa "vosotros", amma a Latin Amurka "ustedes" ake ce wa kowa. Don haka wajibi ne ɗalibi ya saurari muryoyin ƙasashe daban-daban, kada kunnensa ya saba da ta malaminsa kaɗai.

Nahawu a Bakin Mai Magana

Ba cewa ake a yar da nahawu ba. Abubuwa biyu ne suka fi kayar da ɗalibi a wannan mataki, kuma kowanne yana da aikin hira da ke kiransa. Na farko bambancin shuɗaɗɗun lokuta biyu: "llovía cuando salí", ana ruwa sa'ad da na fita, ɗaya yana shimfiɗa yanayi, ɗaya yana kawo aukuwa. Ba da labari ne ke zaunar da wannan. Na biyu siffar aikatau ta fata da shakka, wadda ake kira "subjuntivo": "creo que viene", ina jin yana zuwa, amma "no creo que venga", ba na jin zai zo. Muhawara da ba da shawara su ke tilasta amfani da ita.

A nan mai jin Hausa yana da ɗan rinjaye, domin ya san bambancin "ya" ta "ina so ya zo" da "ya" ta "na san ya zo", wanda shi ne tsakanin "quiero que venga" da "sé que vino". Zai kuma gane "alcalde", magajin gari, wadda tushenta na Larabci ɗaya ne da "alƙali". Inda zai sha wuya shi ne raba "p" da "f", don kada "pavor", firgita, ta zama "favor", alfarma.

Gyaran Kuskure

Roy Lyster da Leila Ranta sun nuna a 1997 cewa fiye da rabin gyaran da malamai suka yi a azuzuwan da suka duba, maimaita jimlar ɗalibi ne a gyare, kuma wannan hanya ita ce ta fi kasa sa ɗalibi ya gyara da bakinsa. Ya fi kyau a yi masa ishara ya nemo gyaran da kansa. Sa'ad da hira ta kankama kuwa, malami ya zagaya da takarda yana rubuta kurakuran da suka yawaita, ya kawo su allo a ƙarshe ba tare da ambaton suna ba. Wanda aka katse sau uku a jimla ɗaya, gobe ba zai ɗaga hannu ba.

Kammalawa

A taƙaice, abin da ake roƙon malami shi ne ya rage nasa bayani, ya shirya ayyukan da ba su yiwuwa sai da zance, ya jinkirta gyara. Ɗalibi kuma ya yarda ya yi kuskure a gaban abokansa. Hukumar jami'a ita ma tana da nata: muddin makin jarrabawa duka a rubutu yake, ɗalibai rubutu za su koya, domin kowa inda ake awo yake kai hatsinsa. Idan ana son su yi magana, lalle ne a ware wa gwajin baka kaso mai tsoka, a kuma kiyaye yawan ɗaliban aji yadda malami zai iya jin kowa.

Allah ya sa a amfana da abin da aka saurara.