In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira



Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan ɗan Ɗambatta ko Bichi da dusar ƙanƙara? To, a biyo mu a hankali.

A ƙasar Suwizalan, dusar ƙanƙara kan taru bisa manyan duwatsu, wata rana ta ɓalle ta gangaro, ta binne hanya da gidaje. Sau da yawa cikin dare ko hazo take tasowa, sa'ad da ido ba ya gani. Amma yayin gangarowa takan tura iska, ta haifar da wani amo mai kauri ƙwarai, wanda kaɗawarsa ba ta kai sau 20 a sakan guda ba. Kunnen ɗan Adam ba ya kama shi, giwaye kuwa da irinsa suke kiran juna daga nesa. Masana sukan dasa na'urorin saurare kamar huɗu, da 'yar tazara tsakaninsu. Da yake amon ba ya isa gare su lokaci guda, kwamfuta kan auna bambancin ta nuna inda ya fito. Na'urar ba ta duba. Abin da ya riga ya taso take ji. Duk da haka takan ba ma'aikata labari tun ido bai gani ba.

Mu tamu fitinar ta ruwa ce. Tun shekarun 1970 aka shiga gina madatsun ruwa a arewacin Kano, irin su Watari da Tomas da Jakara. Ƙasa da su gona na jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye. Ba mu manta da ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agustan 1988 ba, balle ta Alau da ta cinye unguwannin Maiduguri a Satumbar 2024.

Ga abin lura. Amo yakan ci wajen mita 340 a sakan, ambaliya kuwa 'yan mitoci kaɗan. Ashe labarin ruwa yana iya riga ruwan isowa. Can Suwizalan ma an gwada na'urorin a kwarin da laka da duwatsu ke kwararowa. Sai dai iska mai ƙarfi tana rikita su, ga shi ruwanmu da hadari yake zuwa. Gwada su a bakin madatsunmu, tare da ma'aunin tashin ruwa, aikin ɗaliban kimiyyarmu ne.

Ku kuma ma'aikata, naku ya fi gaggawa, kuma ba ya jiran na'ura. In mai gadin madatsa ya ga alama da tsakar dare, wa zai kira? Wa zai tashi dagaci da masu unguwanni? Wa ke riƙe da lasifikar masallaci? Ina tudun da jama'a za su nufa? Lalle a rubuta amsoshin nan, a karanta wa kowane ƙauye, tun damina ba ta faɗi ba.

Allah ya tsare mu, ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.