JAWABI GA JAMA'A GAME DA NAMAN DABBAR DA AKA KWAFO

Jama'ar Kagoro da Kafanchan, manoma da makiyaya da mahauta, sun ji labarin cewa masana a ƙasashen Turawa suna kwafo dabba daga jikin wata ba tare da barbara ba. Wasu kuwa sun fara ɗari-ɗari da nama a kasuwa. Ya kamata a san gaskiyar al'amarin.

Yadda ake yi shi ne, a ɗauko ƙwayar halitta guda daga jikin dabba, a sa ta cikin ƙwan wata mace wanda aka cire wa cibiyar gadonsa, sa'an nan a dasa shi a mahaifar wata ta uku. Abin da za a haifa tamkar tagwayen dabbar farko ne. Haka aka sami tunkiya Dolly a Cibiyar Roslin ta ƙasar Sikotlan a 1996, ita kaɗai daga ƙwai 277 da aka gwada.

A watan Janairu 2008 Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta bayyana cewa nama da madarar shanu da awaki da aladun da aka kwafo, da na 'ya'yansu, ba su fi na sauran dabbobi haɗari ba. Hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ma a wannan shekara ba ta ga bambanci a naman shanu da aladu ba, sai dai ta nuna damuwa ga wahalar da dabbobin ke sha, domin da yawa sukan mutu a ciki ko bayan haihuwa.

Irin wannan dabba tana da tsada ƙwarai, don iri ake ajiye ta, ba don wuƙar mahauci ba. Magidancin da ke cefanen bikin Afan na ran 1 ga Janairu, abin da ya fi cancanta ya ji tsoro shi ne naman dabba maras lafiya. Tarin fuka da bakale suna kama mutum daga shanu, ciwon saifa kuwa ya ɓulla a wata gona kusa da Suleja a Yulin 2023.

Saboda haka lalle ne a sayi naman da malamin dabbobi ya duba a kwata, a dafa shi ya nuna sosai, a kuma tafasa madara. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko baki, kada a feɗe ta, komai arahar da mai ita ya yi. A sanar da ofishin dabbobi mafi kusa.