Sirrin Ƙarfe Yana Kan Iyaka



Duk wanda ya taɓa zama a maƙera a kasuwar Kazaure ko Babura ya ga yadda maƙeri yake ɗaukar sifirin ɗin tsohuwar mota, ya sa a wuta, yaro yana zuga, har ya yi jajawur. Ya buga shi a kan uwar maƙera, sa'an nan ya tsoma bakin a ruwa. Wani lauje ya yi shekaru yana yankan ciyawa a Gwiwa, wani kuwa ya karye tun damina ba ta raba ba. To, me ya bambanta su?

Ƙarfe dai, in an duba shi da madubin ƙara girma, ba dunƙule ɗaya ba ne. Ƙwayoyi ne jingim, kowace da iyakarta, kamar gonakin gari. Manomi a ƙasar Roni in ya tsinci dutse a gonarsa, kan iyaka yake jefa shi. Haka ƙarfe yake yi da baƙin sinadaran da ke cikinsa.

In zafi ya wuce digiri 727, tsarin ƙarfen yakan fara juyewa zuwa wani siffa da masana ke kira ostenait, wanda ke iya shanye kabon, watau sinadarin gawayi, har wajen kashi 2 cikin 100. In ya soma hucewa, sai wani tsarin mai suna ferait ya tsiro daga kan iyakoki, shi kuwa abin da yake iya riƙewa bai wuce kashi 0.02 ba. Saboda haka yana ci gaba yana korar kabon gabansa. Kabon ƙarami ne, mai sauri. Amma manganis da molibdinam masu nauyin jiki ne. Sai su taru a kan iyakar da ke tafiya, su riƙe ta, juyin ya yi jinkiri. Wannan jinkiri alheri ne, domin shi ke ba ƙarfe mai kauri damar yin tauri har cikinsa. Boron ma, kashi 0.002 kacal ya isa ya tare iyakokin ya hana ferait saurin tsirowa.

Amma fa ba kowane baƙo ne na arziki ba. Fosforas da kuza, in ƙarfe ya daɗe tsakanin digiri 375 da 575, sukan lallaɓa su zauna a kan iyaka, su raunana ta. Ido ba ya gani, sai ran da ƙarfen ya fashe kamar tulu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1969 irin wannan rauni yana cikin abin da ya tarwatsa injin wutar lantarki a tashar Hinkley Point ta Ingila.

Ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu babba ne. Tun a ƙarni na 7 an narka tama a Dutsen Dala, an kafa kamfanin ƙarfe na Ajaokuta a 1979, an buɗe masana'antar murza ƙarfe ta Katsina a 1982, a 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda ya bi ta Kazaure. Ga kuma rodin gini da ake yi da tarkacen 'yan jari-bola, inda gwangwani da wayar jan ƙarfe ke shiga tukunya tare. Kuza da jan ƙarfe ba su fita in sun narke. Suna nan cikin rodin da ke riƙe da rufin aji da gadar da 'ya'yanmu ke hayewa.

Don haka ina roƙon abu biyu. Ku ma'aikata, kada ku sa hannu a karɓi rodi sai an gwada shi, an kawo muku takardar sinadaransa. Ku ɗalibai kuwa, musamman na Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu, ku je maƙera ku durƙusa ku yi tambaya. Maƙeri ya san launin wuta, ku kun san dalili. In aka haɗa biyun, manomin Gwiwa zai daina sayen lauje biyu a damina ɗaya.