Ina Fitilar Titi Ke Kallo? Lacca Kan Dokar Hasken Dare

 

Na san abin da wasunku ke faɗa a zuci tun da aka sanar da batun laccar nan. Mutumin da ke kwana da fargabar 'yan bindiga, wanda wutar lantarki ke leƙo shi ta ɓace, shi za a zo wa da zancen dokar haske? A Bakura da Maradun da Talata Mafara duhu ba abin marmari ba ne. To, ku kwantar da hankalinku, ban zo neman a kashe fitila ko ɗaya ba. Maganata a kan inda fitilar ke kallo take.

A garin Flagstaff na jihar Arizona a Amurka akwai cibiyar nazarin taurari ta Lowell, inda aka gano Pluto a 1930. Da masu talla suka fara harba manyan fitilu sama, masanan cibiyar suka koka, majalisar garin ta hana a 1958. Majalisar gari, ku lura, ba gwamnatin tarayya ba. Daga baya aka faɗaɗa dokar ta shafi murfin fitila da launinta da yawan haskenta, har a 2001 Flagstaff ya zama gari na farko da aka ba shaidar kare duhun sama. Mutum fiye da dubu 70 ke zaune can, titunansu da haske, taurarinsu kuma suna nan. Jihar New Mexico ta yi tata dokar a 1999. Faransa tun 2013 ta ce a kashe fitilun gaban shaguna da ƙarfe ɗayan dare.

Waɗannan duk gyaran ɓarna suke yi. Binciken da Fabio Falchi ya jagoranta a 2016 ya nuna kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farin zanen taurarin nan da ke ratsa sama. Mu kuwa yaro ya fita bayan gari yana ganinsa. Sai dai fitilun sola sun shigo, na ɗan majalisa daban, na gwamnati daban, na mai gidan mai daban, kowa na kafa irin wadda ɗan kwangila ya samo. Yawancinsu farare ne fat, an ɗaga kansu, wani kaso na hasken yana tafiya sama ko cikin idon mai wucewa.

Nan ne zancen tsaro ya shigo, kuma a nan nake so mu daɗe. Duk wanda babbar mota ta dalle masa fitila a hanyar Gusau zuwa Sakkwato ya san yadda ido ke makancewa na ɗan lokaci. Ido kan ɗauki mintuna 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, fitila ɗaya mai ƙarfi kuma ta rushe wannan nan take. Mai gadin unguwa da ke tsaye ƙarƙashinta kowa na hango shi daga nesa, shi kuwa ba ya ganin abin da ke bayan da'irar hasken. Fitila mai murfi da ta sunkuya ƙasa tana haska hanya da ƙofar gida, ta bar wa ido ƙarfinsa. Batirinta ma ba ya ƙarewa wajen haska sararin da ba kowa.

Akwai abin da ya shafi addini da noma. Alfijir na gaskiya haske ne siriri a gefen gabas, jan hasken gari yana iya rufe shi. Ganin jinjirin wata bai kai haka damuwa ba, tunda da magariba ake dubawa. Dattawanmu da ke lissafin damina da taurari, masu lura da fitowar Kaza da 'Ya'yanta, ilminsu na buƙatar sama mai duhu kafin su nuna wa jikoki. Manoman Bakolori kuma sun san yadda farin haske ke tara ƙwari.

Wa zai yi dokar? Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kafa fitilun titi da kula da su, har da allunan talla. Kansilolin Bakura ba sa jiran Abuja ko Gusau. Ina ganin kada ma a fara da tara ko kamu, don dokar da za ta bi mai shayi da mai tsire kan kwan fitilarsu zalunci za ta zama. A fara da kuɗin jama'a: duk fitilar da za a saya, a rubuta cikin takardar kwangila cewa sai mai murfi, mai kallon ƙasa, mai launin ruwan ɗorawa da bai wuce 3000K ba a ma'aunin launin haske. Lambar tana jikin kwali, ma'aikacin sashen ayyuka zai iya dubawa kafin ya sa hannu a biya.