Abin da ya kamata mu zuba wa kare a kasko



A ƙauyukan da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, ba don ado ake ajiye kare ba. Gadin gida yake yi, ya bi garke, ya shiga daji da mafarauta, kuma a shekarun nan na rashin tsaro sau da yawa haushinsa ne ke fara tayar da mutane cikin dare. Duk da haka, abincinsa bai wuce ƙanzo da ragowar tuwo ba, in an tuna da shi ke nan. Wasu ma na cewa kare mai yunwa ya fi zafin nama. Ban yarda da wannan ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma karen da bai ƙoshi a gida ba bola yake tafiya, ya ci mushe, ya yi faɗa da karnukan da ba a san lafiyarsu ba, wataƙila ya dawo mana da ciwon haukan kare.

Tuwo ba laifi ba ne. Binciken da masana na Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka wallafa a 2013 ya nuna cikin kare ya fi na kyarkeci iya narkar da hatsi, saboda daɗewarsa tare da manoma. Matsalar ita ce tuwo kaɗai ba ya gina jiki. Ma'aunin da kamfanonin abincin karnuka ke bi a Amurka ya ce kada sinadarin gina jiki ya gaza kashi 18 cikin ɗari ga babban kare, da kashi 22.5 ga ɗan kwikwiyo da karya mai shayarwa. Dawa da gero da masara ba su kai nan ba. Ba sai an sayi buhun abincin kanti ba, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin manomi. A dafa tsaki, a haɗa shi da dafaffen wake ko waken suya, da kan kifi da ake samu wajen masuntan dam ɗin Zoɓe, da ƙwai ko ɗan nama idan hali ya yi. Ruwa kuwa ya zama yana nan kullum, musamman a bazara.

Inda nake so mu tsaya sosai shi ne kwata. Idan mahauci ya feɗe tunkiya ya ga huhu ko hanta da ƙurajen ruwa, yakan yanke ya jefa wa karen da ke jira. Yana ganin ya yi alheri. Waɗannan ƙuraje 'ya'yan wata tsutsa ne. Kare ya ci su ɗanye, tsutsar ta girma a hanjinsa, ƙwayayenta su fita cikin kashinsa su zuba a ciyawa, a bakin rijiya, a hannun yaron da ke wasa da shi. Dabba ta ci ta kamu. Mutum ma ya kamu, ƙurjin ya yi shekaru yana girma a hantarsa ba tare da ya sani ba, har sai an kai ga tiyata. Haka kan tunkiyar da ta mutu tana juyi: kare ya ci ƙwaƙwalwarta, ya sake watsa cutar cikin garke. Maganin duka mai sauƙi ne. Kayan ciki masu lafiya a dafa su sosai, masu ƙuraje a ƙone ko a binne da zurfi.

Haɗari na biyu yana cikin rumbu. Masara da gyaɗar da suka yi fumfuna na ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021, fiye da karnuka 100 suka mutu a Amurka bayan cin abincin kamfani mai suna Sportmix, saboda wannan guba. Mu kuwa hatsin da muka ƙi ci da ƙuli-ƙulin da ya lalace su muke tura wa kare.

A kiyaye kuma da miya mai albasa da tafarnuwa da yawa, domin suna fasa ƙwayoyin jininsa. Goro da cakulan ma na cutar da shi, dafaffen ƙashin kaza kuma yakan tsage ya huda hanji.

Addininmu ya halatta ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma mun san labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Wanda ya ɗauki dabba aiki, ciyar da ita haƙƙi ne a wuyansa.

Roƙona ga sarakunan fawa na Dutsin-Ma da Kurfi shi ne a haƙa rami mai murfi a kowace kwata don zuba naman da aka ƙi. Ga jami'an lafiyar dabbobi kuma, duk ranar da suka fito rigakafin haukan kare, kamar 28 ga Satumba da duniya ta ware don yaƙi da cutar, su taho da maganin tsutsar ciki, su kuma ɗauki 'yan mintoci su nuna wa masu karnuka yadda ake haɗa wa kare abinci mai gina jiki.