Jawabin Uban Taro a Bikin Yaye Matasa Masu Koyon Sana'a a Dandamisa

 

Ya ku 'ya'yana da aka yaye yau, ku sani cewa wannan takardar shaida da aka danƙa muku, ko da yake abin alfahari ce gare ku da iyayenku da malaman da suka yi ɗawainiyar tarbiyyarku, ba ta da ikon ɗinka riga ko gyara injin ban-ruwa, sai in mai ita ya tashi da asuba ya nufi wurin aikinsa. Malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya kore riƙo da sababi, kuma wanda ya kwanta ya ɗora wa ƙaddara laifin kasalarsa ya jahilci ma'anar ƙaddara.

Ku dubi Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji, nan kusa da mu, a 1877. Mahaifinsa ya rasu yana ƙaramin yaro, ya yi almajirci, ya bi ayarin fatake zuwa ƙasar Gwanja fataucin goro, daga bisani ya shiga cinikin gyaɗa, har ya zamana raƙuma ashirin ne suka ɗauko kuɗin da ya kai ajiya banki a Kano. Da ya rasu a 1955 kuwa, ana lissafa shi attajiri mafi dukiya a Afirka ta Yamma. Himma da amana da tattali suka kai shi can, da yardar Allah.

To, ku fa, wace ni'ima ce Ubangiji bai ajiye muku a ƙofar gida ba? Ƙasar Makarfi ta shahara da rake da mazarƙwaila, fadamun Kudan da Hunkuyi suna cika motoci da tumatir da albasa zuwa kudu, ga Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, da cibiyar binciken noma ta Samaru, duk tafiyar hantsi ce daga nan. Amma duk shekara, idan kaya suka yi yawa kasuwa ta faɗi, sai mu ga tumatir yana ruɓewa a kwanduna, alhali kuwa saurayin da ya koyi busar da shi cikin tsabta ya adana zuwa damina zai ci riba, ya kuma fid da manomi daga hasara. Hukuma tana da hakkin hanya da asibiti da makaranta a wuyanta, kuma wajibi ne mu tambaye ta. Sai dai zaman jiranta a bakin titi ba sana'a ba ne, domin zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Saboda haka ina yi muku wasiyya da abu uku: ku fara da ɗan jarin da ke hannunku ba tare da kun raina shi ba, ku cika alkawari ga duk wanda ya ba ku aiki ko da za ku yi hasara, kuma kowannenku, namiji da mace, ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa abin da aka koya masa.

Allah ya sa albarka a hannuwanku, ya zaunar da ƙasar Zazzau lafiya.